Gidan da Yaya Ya So Ginawa a Bakin Rafi

Ranar da Yaya ya rasu, ni aka aika in faɗa wa gari, kuma babu wanda ya yarda da ni.

Da hantsi ne. Na fito daga ɗakinsa ko takalmi ban tsaya sawa ba, na nufi gindin tsamiyar bakin kasuwa inda dattawa suke zama. Na yi sallama, na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya ya cika."

Mai unguwa bai ko ɗago kai daga carbinsa ba. Ya ce, "To, Allah ya jiƙansa. Wannan karon kuma me ya kashe shi?"

Aka kwashe da dariya. Sarkin fawa ya ce, "In ya gama mutuwar, ka ce masa ya zo mu yi dara."

Ban ga laifinsu ba. Yaya ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, wato taubasai muke, ko da yake ya ba ni shekaru masu yawa. Tun ina da wayo nake tsokanarsa. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi ne nawa, har ya koma ga Allah ba mu raba wannan gardama ba. Sau biyu a baya na taɓa zagaya gari ina shelar mutuwarsa. A na biyun har mutanen ƙauyen surukansa suka taso da jakuna, suka tarar da mamacin a zaure yana shan fura. To ga shi yau gaskiya na kawo, babu mai saye. Na yi rantsuwa, suka ce ai wancan karon ma na rantse. Na so in yi kuka, fuskata ta ƙi, don ba a saba mata da wannan aiki ba. Ina tsaye a nan kamar dogarin da aka manta da shi, sai salatin mata ya tashi daga cikin gidan Yaya. Sannan ne carbin mai unguwa ya tsaya.

Kafin azahar an kai shi. Aka zauna makoki. Liman ya ce a iya saninsa Yaya bai taɓa rasa sahun gaba ba. Wani ya ce mutumin kirki ne, sai dai son tarkace. Wani ya ce bai taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, Allah ya yafe masa. Wata tsohuwa ta taso da ƙafa tun daga wajen Shanono, ta zauna a ƙofar gida tana ta kuka, aka tambaye ta ko 'yar uwa ce, ta ce a'a, kuma ta ƙi faɗin abin da ya haɗa su. Baƙin da suka zo daga Ɗanbatta kuwa abu ɗaya ya ɗaure musu kai. Zauren Yaya babba ne, ga sanyi, amma mutanen garinmu suka shimfiɗa tabarmi a waje, cikin rana, suna ta share gumi. Wanda dole ta sa ya shiga, idonsa a ƙasa zai shiga, a ƙasa zai fito. Wani baƙo ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, aljanu ne a zauren?"

Na ce, "Kayan mutane ne."

Zauren nan, da ɗakuna biyu na bayansa, cike suke har azara da kayan iyaye da kakannin garin nan. A ranar sadakar uku babban ɗan Yaya ya ja ni gefe, ya ce, "Baba, gara ka ji daga bakina. Wani dillalin kayan da daga birni ya zo ya gani. Bayan arba'in za a raba gado, kayan nan kuma shi za mu ba, ya ba mu masara." Daga wannan rana ban sake samun natsuwa ba, kuma abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ni ba malami ba ne. Wata huɗu na yi a ajin yaƙi da jahilci, kuma jahilcin ne ya ci yaƙin. Amma waɗanda suka iya alƙalami sun yi shiru, don haka ku yi haƙuri da nawa.

Abin ya samo asali ne tun ana ƙoshi. Wata shekara Yaya ya shiga Kano neman maganin ido. Aka ce likita sai yamma, sai ya shiga yawo, ƙafa ta kai shi wani gida da ake ajiye kayan tarihi. Ya dawo kwana uku ba ya maganar komai sai wannan.

"Bawa," ya ce mini, "na biya kuɗin shiga don in kalli garma. Garma! Irin ta babana sak, an sa ta a gilashi kamar amarya."

Na ce, "Da ka faɗa mini, da na nuna maka tawa a rabin kuɗi."

Bai kula ni ba. Ya ce ya tambayi mai gadin wurin, hannun wa ne ya ƙera ta, wa ya yi noma da ita? Mai gadi ya ce bai sani ba, takardar da aka liƙa ma ba ta faɗa ba. Wannan ne ya tsaya wa Yaya a rai. "An ajiye garma, an yar da maƙeri," haka ya yi ta maimaitawa. Daga nan ya samu wata ɗabi'a da ta bi shi har kabari. Duk abin da ya ɗauka, ko ludayi ne aka miƙo masa da kunu, sai ya juya shi ya ce, "Hannun wa?" Yara har suna suka sa masa da ita.

Garinmu rafi ne ya raba shi biyu, kasuwa a wannan gaɓa, masallacin Juma'a a waccan. A tsakiya, dab da mashigi, akwai tsohuwar marina da aka daina aiki da ita, fili ne na gadon Yaya. A nan ya ce za a gina gidan tarihin garinmu. Da sanda ya fara zana shi a ƙasa, awaki suna bi suna gogewa. Da ya gaji sai ya sayi sabon allo, ya jiƙa tawada, ya zana a kai. Liman ya aiko masa cewa allo ba na zanen gini ba ne. Yaya ya aika masa cewa allon bai taɓa ɗaukar aya ba, kuma in an gama ginin zai wanke ya ba liman ya sha. Sai da mai unguwa ya shiga tsakani.

Wanda duk ya zauna kusa da Yaya sai ya sha bayanin allon nan. Ga babban zaure yana kallon kasuwa. Ga ɗakin kayan noma. Ga na saƙa da kaɗi. Za a yashe rijiyoyin rini biyu a dawo da su aiki. Za a yi maƙera, a zaunar da maƙeri na gaske yana bugu, ba hotonsa ba. Ga rumfar mata, masu fura su sayar, tsofaffi su koya wa 'yan mata kaɗi. Yashin rafi kuwa da rani shi ne dandali, a yi dambe da kokawa da kalankuwa. Kowane abu da aka rataye za a rubuta sunan wanda ya yi shi da gidan da ya fito. "Ba maƙabarta nake so ba," in ji shi. "Wuri nake so da jikanka zai shiga ya ce, wannan na kakana ne."

Na ce, "Jikana zai shiga ya ce, ina masu furar?"

Ya ce, "Ai jini ba ya ɓuya, shi ya sa na sa rumfar."

Kan yadda za a samu abin ginin, Yaya bai tsaya jiran kowa ba. Ya bi gida gida, aka yarda kowane magidanci zai ba da damin gero ɗaya duk kaka. Aka gina rumbu biyu a filin marinar, shi ne mai riƙe da su. Idan sun cika za a sayar a sayi azara da ƙyaure, a sallami magina. Tubali kuwa gayya aka yi, samari suna kwaɓa, makaɗa suna zuga su, ni ina gefe ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. Ya kuma gwada hukuma. Na raka shi sakateriya a bayan kekensa. Wani jami'i mai farin tabarau ya ce a kawo zanen injiniya. Yaya ya kwance buhu ya zaro allo ya ɗora masa a tebur. Mutumin ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Suka yaba ƙwarai, suka ce a dawo bayan kasafi. Yaya ya yi ta komawa har tayar keken ta san hanya. An kuma yi taron neman gudummawa, da lasifika da kujerun haya. Wani alhaji ɗan garin nan da ke zaune a birni ya karɓi lasifika ya ce rufin gidan gaba ɗaya nasa ne, kwano sabo fil. Aka yi guɗa. Har yau a inuwar alkawarin kwanon nan muke hutawa.

Duk da haka aiki ya tafi. Rumbuna suka cika, aka haƙa harsashi, gini ya tashi har ƙirjin mutum. Sai ruwa ya ɗauke.

Wanda yake raye a nan ba sai na ba shi labari ba. Shekarar farko gero ya fitar da kai, ya tsaya yana jiran ruwan da bai zo ba, ya bushe a tsaye. Ta biyu ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ganye ya murtuke, ka tuge ka ga babu komai a ƙasa. Rafin da muke cewa za a yi gida a bakinsa ya zama yashi zalla, mata suna tona shi tsawon mutum kafin su ga danshi. Ginin ƙasa ruwa yake sha, kuma ba a kwaɓa ƙasa da ruwan da yaro zai sha. Magina suka tafi cin rani. Aka koma cin tafasa da dusa. Na ga magidanta masu gemu suna tona gidan tururuwa don su ƙwace mata tsabar da ta tara.

A wannan hali rumbuna biyu suna tsaye a tsakiyar gari, cike, a liƙe. Kowa yana wucewa yana kallonsu, babu mai iya magana, sai ni da ba ni da kunyarsa. Na same shi a bakin ginin yana lulluɓe kan katanga da kara don kada ta zaizaye.

Na ce, "Yaya, buɗe rumbun nan."

Ya ce, "Amana ce. Don gini aka ba ni."

"Masu amanar ne suke jin yunwa."

"In na buɗe yau, ba zai kai wata biyu ba. Daga nan babu gero, babu gida. Ka bari mu ga daminar bana."

Na ce, "To, riƙe. In mun mutu sai ka jera ƙasusuwanmu a ɗakin noma, ka bi kana tambaya hannun wa."

Na saba faɗa masa maganar da ta fi wannan muni yana dariya. Wannan karon bai yi ba, don ya ji babu wasa a ciki. Ya tattara karansa ya tafi. Kusan wata guda muna haɗuwa a masallaci mu gaisa kamar surukai. Taubasai su koma gaisuwar mutunci, ai ka san abu ya lalace.

Abin da ya karya shi a kasuwar Ɗanbatta ya gan shi. Wani dillali ya baza kaya a ƙasa, akusa da tasoshi da gwado, irin abin da ba a saba fitarwa daga ɗaki ba. A cikinsu Yaya ya gane uwar maƙerar garinmu, wadda kakan maƙerinmu ya yi aiki a kanta. An ba da ita a kan abin da bai fi cefanen kwana biyu ba. Da ya dawo bai shiga gidansa ba, nawa ya zo. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Kai, bawa. Tashi ka ɗauko jakinka."

Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Muka kwashe geron zuwa gidansa, aka sussuka. Ga yadda ya tsara. Ya san mutanenmu. Magidanci zai yarda ya sayar da tasar uwarsa a kasuwar da ba a san shi ba, amma ba zai tsaya a layi a garinsu a auna masa sadaka ba. Sai ya sa aka raɗa a gari cewa duk mai tsohon abu da yake tsoron ya lalace, ya kawo ajiya gidan tarihi. Maza suna zuwa da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa. Mata suna bi ta wajen uwargidansa. Mutum zai shigo da buhu a kafaɗa, ya fita da buhun nan a kafaɗa, wanda ya gan shi ba zai san an sauya abin da ke ciki ba. Yaya yakan ce wa kowa, "Ajiya ka kawo, ba ciniki muka yi ba. Geron kuwa naka ne, daminka ne ya dawo." Har waɗanda ba su taɓa ba da dami ba haka yake ce musu, har mutanen wasu garuruwa.

Ni ne mai jera kayan. Na ce masa, "Kawo in rubuta sunaye, ko da rubutuna kamar tafiyar kaza ne. Ba kai ne mai hannun wa ba?"

Ya ce, "Kul. Duk sunan da ka rubuta yau, ka rubuta cewa gidan nan ba su hura wuta ba. Idan an ƙoshi a rubuta."

Rumbunan suka ƙare, mutane ba su daina zuwa ba. Yaya ya buɗe na gidansa. Ya sayar da sansa na huɗa, ya sayar da awaki. 'Ya'yansa suka yi magana, ya ce su yi haƙuri. Uwargidansa ta gaya mini daga baya cewa tuwon da ake kai masa, yakan ci loma biyu ya tura wa jikoki, ya ce haƙori ne ke damunsa. Mutumin da yake tauna rake da haƙoran nan. Haka ya tara kayan gidan tarihi har ba wurin sa ƙafa, ya cinye kuɗin ginin gidan da za a sa su, ya kuma cinye kansa.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana bayan la'asar, wanzaminmu ya zo yi masa ƙaho. Ina zaune. Yaya ya ce, "Ku biyun nan ku shaida. Abin da ke zaure da ɗakunan nan ba nawa ba ne. Na gari ne. Kada a sa shi cikin gado."

Da ni mutum ne, da na tashi na kira liman da 'ya'yansa a take. Amma tsoro ya kama ni, don ban taɓa jin ya yi maganar mutuwa ba, kuma ni in tsoro ya kama ni baki ne yake tsere mini. Na ce, "Na shaida. Keken fa? Shi ma na gari ne, ko in fara koyon hawa?"

Wanzami ya yi dariya har ƙaho ya faɗi. Yaya ma ya yi, yana riƙe da haƙarƙari. Maganar ta bi iska. Bayan kwana kaɗan wanzami ya bi motar kudu neman abinci, har yau babu wanda ya san garin da ya sauka. Yaya kuma bai sake samun bakin doguwar magana ba.

Bayan arba'in aka zauna a gaban liman, da magada da mai unguwa. Na faɗi abin da na ji. Babban ɗan Yaya bai ɗaga mini murya ba, yaro ne mai ladabi, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ya ce, "Baba, ina bakin ƙofa ranar. Dariya na ji kuna yi."

Na ce, "Kafin dariyar ya faɗa."

"Ban ƙaryata ka ba. Amma kai da shi, yaushe aka taɓa sanin inda wasa ya tsaya? Abin da na sani, geron gidanmu ya fita, sanmu ya fita, kayan nan suka shigo. 'Yata ƙarama ba ta iya tsayuwa, Baba. Ka shiga ka gan ta."

Ba sai na shiga ba, na riga na gan ta.

Liman ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba. Bai ƙara da cewa balle tawa ba, Allah ya saka masa. Amma ya ce akwai hanya. Idan ajiya ce, ai ajiya tana da mai ita. Duk wanda ya zo gaban jama'a ya ce abu kaza nawa ne, ajiya na kawo, za a cire shi daga gado, in ya so ya bar wa gari. Abin da ba a nema ba har Juma'a ya zama na magada.

Na fita da murna, ni wawa. Na ɗauka an gama. Na san mai kowane abu, da hannuna na jera su. Na fara bi gida gida.

Gidan farko, mai gidan ya saurare ni har na gama, wuyansa kamar sillen kara, rigarsa tana yawo a jikinsa. Ya ce, "Mu? Ai mu alhamdu lillahi, gidan nan ba a taɓa kwana da yunwa ba. Wataƙila maƙwabta kake nufi." Na shiga wajen maƙwabtan, suka ce wataƙila shi nake nufi. Wani ya ce masaƙar babansa gara ce ta cinye ta tuntuni. Wani ya ce zai zo, ya rantse, ranar kuma ya tafi gaisuwar da babu ita. Wata dattijuwa ta yi mini magana ta bayan zana, ta ce, "Mijina bai san na fitar da tasoshin ba. Ya ɗauka ɗan'uwana ne ya aiko da geron. So kake ka kashe mini aure da furfurata?" Wani kuma da za a kawo kuɗin auren 'yarsa ya kama hannuna ya ce, "Ka rufa mini asiri, yadda shi ya rufa."

Na yi roƙo, na yi zagi, na yi wa wani alkawarin zan daina kiransa da sunan da na laƙaba masa tun muna samari. Babu wanda ya motsa. Na yi tunanin in tsaya ranar Juma'a in yi ta kiran sunaye, wane ga akushinka, wane ga garmarka. Bakina zai iya, ya yi abin da ya fi haka. Amma duk lokacin da na shirya sai in ga ba dillali zan kunyata ba, mutanen da Yaya ya ƙi cin tuwo saboda su zan tsiraita.

Ranar Juma'a bayan an sauko, jama'a suka taru a ƙofar gidan Yaya, har da waɗanda suka ce ba su da komai a ciki. Liman ya yi tambaya sau ɗaya ko akwai mai ajiya a ciki. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya sake. Sai na tashi.

Na ce, "Akwai taskira a ɗakin baya, da mazari uku a ciki. Ta innata ce. Da su ta yi kaɗin da aka yi mini rigar kaciya. Ni na kawo ta. Kun san ni, kullum ina gindin tsamiya ina cewa rumbuna ya kusa fashewa, ina sakace da tsinke. Ƙarya nake. Kwana uku ba a ɗora tukunya a gidana ba. Matata ta dafa ruwa da kanwa don yara su ga hayaƙi. Ta wajen uwargidan Yaya na bi na kawo, don kada ya gani ya samu abin tsokanata. Ya gani, don shi da kansa ya ajiye ta a sama inda gara ba za ta kai ba. Mutumin nan babu abin da bai tsokane ni a kai ba, har tafiyata. Wannan kaɗai bai taɓa ambata ba. Ajiya ce, kuma na bar wa gari. Saura ku."

Babu wanda ya yi dariya. Tun da nake ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban jama'a an ƙi dariya ba. Na tsaya ina duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Wani ya buɗe baki, na ce to ga shi nan, ashe hamma ce. Liman ya yi tambaya ta uku. Aka shafa fatiha.

Motar dillali ta zo ranar kasuwar Ɗanbatta da safe. Aka sauke buhunan masara, aka shiga loda kaya. Dattawa suna gindin tsamiya, motar kuma dole ta gabansu za ta bi. Garemani, masaƙu, akusa, kwari da baka, zuga-zugi, wani sirdi mai jar fata a can sama an ɗaure shi da igiya. Suna ta hirar hadarin da aka ce an gani a gabas, amma ba mai kallon gabas. Wani ya yi suɓul da baka ya ce, "Kai, akushin can kamar na gidanmu." Na kusa da shi ya ce, "Kama ce kawai." Ya ce, "Haka ne, kama ce."

Da ƙurar ta kwanta, babban ɗan Yaya ya same ni a bakin ginin, ina zaune da taskirata a cinya. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baba, filin nan da abin da aka gina a kai, mun yi shawara da ƙannena da iyayenmu mata. Mun bar wa gari. Ka shaida."

Na ce, "A'a. Ni kam kada ka sa ni. Tsaya nan, kada ka motsa."

Na ruga da tsufana na jawo liman da mai unguwa, na tsayar da su a cikin rana. Na sa yaron ya maimaita sau biyu, na toshe bakina da hannu har ya gama. Suka ce sun shaida. Liman ya yi addu'a ya tafi, yaron ya tafi. Mai unguwa ya tsaya yana duba katangar da ta tsaya a ƙirji, kamar mai neman tsaga. Can ya matso, ya rage murya.

Ya ce, "Sirdin nan na sama. Ka san inda za su kai shi?"

Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Tambaya kawai na yi."

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabari fiye da yadda ya yalwata wa mutane zaurensa, ya rufa masa asiri ranar da babu mai rufa wa wani. Mu kuma da ya bari, Allah ya dube mu da ruwa.